Makaniken da Aka Bari a Wajen Kumbo

A shagon askina kullum musu ake kan wasan rediyon nan na kumbon da ya ɓace cikin taurari. Ni dai na kafe: matuƙin ya yi daidai da ya rufe ƙofa ya bar makanikensa a waje.

Bayan magariba wani baƙo ya zauna a kujera. Ina aski ina zuba masa ra'ayina, har da cewa ko ni ne haka zan yi.

"Maigida, ai matuƙin ya ji ina ƙwanƙwasawa," in ji shi. Muryarsa na shuu, kamar tashar da ba ta kama ba.

Ƙeyarsa sanyi kamar ƙanƙara. Na duba ƙasa, ko sili babu. Gashin da na aske yana shawagi a iska, yana juyawa a hankali saitin fuskata.