Dokin Kwarkwaro

Ke, sauke hannunki daga kabad ɗin nan. Ga kofuna reras, ga lambobin yabo, amma ba abin da ya tsone miki ido sai tsohon kwarkwaron zare? Ku dai ba ku gajiya da tambaya. To, ku zauna. Sau ɗaya zan faɗa.

Gwaggonku da kuke gani a talabijin tana wasan ces, darar Turawan nan, ba da kofi a hannu na haife ta ba. Yau ana ce mata giranmasta, wato gwanar gwanaye. Ta kayar da manya a ƙasashen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Ni ban yi boko ba, ban san yadda ake tura ko soja ɗaya ba. Amma na san halin 'yata.

Tana firamare, ba mai iya cin ta. Sai girman kai ya shige ta. Ana gab da gasar makarantu, malaminsu ya haɗa ta da wani sabon yaro, ɗan tsurut, mai yoyon majina. Ya cinye ta tas.

A wasan nan, in an gama, sai a gaisa, a sake jera 'ya'yan, a duba tare inda aka yi kuskure. Yaron ya miƙo hannu. Ita kuwa ta kaɗe allon wasan. Ɗaya daga cikin 'ya'yan, wanda ake kira doki, ya fita ta taga, ya faɗa kwata, ruwa ya tafi da shi.

Ina kan keken ɗinki malam ya rako ta gida.

"Mama, na cire ta daga gasa," in ji shi. "Allo ɗaya gare mu, ga shi ba doki. Kuma ba na tafiya da yarinyar da ba ta iya shan kaye ba."

"Inna, sa'a kawai ya yi," in ji ta.

Na ce, "Sa'ar ce ta jefa doki a kwata?"

Na jawo akwatin keke, na ɗauko kwarkwaron da zarensa ya ƙare.

"Ga doki."

"Dariya za su yi mini."

"Su yi mana. Gobe kuma ki sami yaron nan, ya nuna miki inda kika faɗi. Ni in na ɓata riga, farke ɗinkin nake yi, in ga inda allura ta kauce. Kin taɓa ganin na ƙona rigar?"

Washegari na kai ta da kaina, na tsaya a bakin ƙofar aji. Ta ajiye kwarkwaro a gidan doki a kan allo. Aji ya ɗauki dariya. Ta dubi yaron.

"Ka yi haƙuri. Nuna mini."

Ya ja majina, ya jera 'ya'yan.

"Nan ne. Kin yi saurin fito da sarauniya, kin bar sarki ba mai gadi. Kullum haka kike yi. Tsoron bakinki ya hana a faɗa miki."

Na zaci za ta sake kaɗe allon. Sai na ji ta ce, "Sake nuna mini, a hankali."

Malam ya maida sunanta. Su biyun suka je gasa, suka dawo da wancan ƙaramin kofin na gefe. Da makaranta ta sayi sabon allo, malam ya ba ta kwarkwaron ya ce ta riƙe.

Har yau ana cin ta wani lokaci. Amma ba ta tashi sai ta zauna da wanda ya ci ta, sun duba wasan tare. Abin da ya tara kofunan nan ke nan. In an kayar da ku, kada ku watsar da allo. Ku zauna, ku tambayi inda kuka kauce.

Mai majina kuwa, shi ne mijinta. Duk wanda ya kai masa wannan suna, ni da shi ne.

Maida doki wurinsa. Ku wanke ƙafa, kowa ya hau gado.