Baƙon da Ke Bayan Kasko

A wani ƙauye a gindin dutse an yi wani tsoho mai jin sanyi. Kullum 'yarsa Tasalla takan ce, "Baba, ka ƙara bargo, amma kada ka rufe ɗaki da garwashi a ciki."

Wata rana da yamma ɗari ya tsananta. Tsoho ya cika kasko da garwashi, ya toshe taga, ya rufe ƙofa. Ɗaki ya yi ɗumi, kansa ya yi nauyi. Sai ya ga yayansa da ya rasu tuntuni zaune a bayan kaskon, ba ya ƙifta ido.

"Kwanta, ƙanena," in ji yayan. "Kwanta ka huta."

Tsoho ya so ya kwanta, amma ya lura bakin yayan ba ya motsi. Sai ya sake jin muryar.

"Kwanta ka huta."

"Ba yau ba, Yaya," in ji tsoho. Ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa, sai ya ja ciki har ƙofa, ya tura ta, ta buɗe. Iska ta shigo. Da ya waiwaya, ba kowa.

Tasalla ta same shi a waje yana karkarwa. "Baba, me kake yi cikin wannan sanyi?"

"Numfashi nake yi, 'yata."