Muryar Baba Ta Ƙi Fitowa

Auta ta sake danna wurin kunnawa.

Siririn layin ya fara tafiya a fuskar kwamfutar, yana bi ta kan zanen murya mai kama da haƙoran zarto. Lasifikokin da ke kan tebur ba su ce uffan ba. Ta ɗora hedifon a kunne. Shiru. Ta murɗa ƙara har ƙarshe, ba abin da ta ji sai ɗan huci kamar taya na sacewa.

"Don Allah ki yi magana..." ta ce da mikisar, na'urar haɗa sauti da ke gabanta, kamar da mutum take.

Abin da ke cikin kwamfutar nan muryar mahaifinta ce, kuma babu wata bayan ta.

Baba ɗan kamasho ne. Ya tsufa a tasha yana kiran fasinja, in ya buɗe baki a ƙofar shiga har masu faci na can baya suna jin sa. Sai ciwo ya kama shi a maƙogwaro, likitoci suka ce ko a cire wurin ko a rasa mutumin. Ana gobe za a kwantar da shi ya shigo ɗakin Auta, inda take shirin fara ɗaukar muryar tallace-tallace wa masu shaguna, ya zauna gaban makirufo.

"Kunna abin naki," ya ce. "Sannan ki fita, ki ja min ƙofa."

Ta kunna, ta fita. Ba ta san me ya faɗa ba.

Yanzu ya dawo gida da bandeji a wuya, ba murya, kuma shi ba mai rubutu ba ne. Duk wanda ya kawo masa maganar auren Auta, sai ya nuna ɗakinta da yatsa ya juya kai. Manufarsa a fili take: na riga na faɗa, ku je ku ji.

To ga shi an zo ji, abu ya ƙi.

Ƙofa ta buɗe. Yaya ne, babban wanta, da abokinsa Mai Shago a bayansa. A wurin Mai Shago ta sayi mikisar, kuma tun ranar yake aiko mata da gaisuwar da ta wuce ta ciniki.

"Har yanzu?" in ji Yaya.

"Har yanzu, Yaya."

Mai Shago ya sunkuya, turarensa ya cika ɗakin. Ya duba bayan mikisar, ya girgiza waya ɗaya, ya bi maɓallan da ido. Idon ya ɗan tsaya a gefen dama, sannan ya miƙe yana kaɗa kai.

"Ƙanwata, ki yi haƙuri. Wa ya haɗa miki kayan nan?"



"Wa kuwa," in ji Yaya, "in ba wancan mai rarrafe a ƙarƙashin kujerun mutane ba."

"Ai ka ji. Ya haɗa a karkace. Zanen nan da kike gani gurnanin wuta ne kawai, ba murya ba. Kada ki kwafe shi, kada ki taɓa komai. Da yamma zan aiko a ɗauki kwamfutar, a wanke ta tas a sake mata zubi. Mikisa kuwa zan ba ki sabuwa, kyauta. Ai mun zama ɗaya."

"In an wanke ta, abin da ke ciki fa?"

"Me ke cikin, ƙanwata?"

Suka fita. Ta ji Yaya a tsakar gida yana ce wa Umma ai ko Baba na da baki Mai Shago zai zaɓa.

Ta daɗe tana kallon wayarta.

Gwaji ake ce wa mai rarrafen da Yaya ke nufi, saboda duk ɗakin taron da ya je haɗa lasifika da "gwaji, gwaji, ɗaya, biyu" yake farawa, har sunan ya bi shi. Shi ya haɗa mata kayan ɗakin nan da hannunsa. Yana cikin koya mata maɓallan ɗaya bayan ɗaya Yaya ya shigo ya same su kai kusa da kai a kan mikisa. Abin da Yaya ya faɗa masa ranar ba na maimaitawa ba ne. Gwaji ya naɗe wayoyinsa ya fita. Auta kuwa ta tsaya kamar an dasa ta, ba ta ce komai ba.

Tun ranar ba wanda ya kira wani.

Ta danna lambarsa.

"Ranki ya daɗe," ya ce. Muryar a bushe.

"Ba don kaina na kira ka ba."

"Na sani. Da don kanki ne da tuni kin kira."

Ta haɗiye wannan.

"Muryar Baba ce... na ɗauka kafin a yi masa aiki. Ta ƙi fitowa. An ce babu komai a ciki."



"Wa ya ce?"

"Mai Shago. Da yamma za su ɗauke ta su wanke."

"Kada ki bari ko ƙura a share mata. Ina zuwa."

Rana na tsaka ya iso, da jakarsa a kafaɗa, gwiwar wandonsa duk ƙura. Ya gaida Umma a tsakar gida har ƙasa. Umma ta dube shi, ta dubi ƙofar ɗakin Yaya, ta ce, "Shiga, ɗana. Ka bar ƙofar a buɗe."

Bai zauna ba. Bai kuma taɓa komai ba, ya sa hannuwansa a baya.

"Lokacin da Baba ke magana, kin ga fitilun nan suna motsi?"

"Na leƙa ta taga. Koraye suna hawa suna sauka."

"Sun taɓa kai wa ja?"

"Sau ɗaya."

Ya ɗan murmusa. "To ya yi ihu ke nan. Nuna min zanen."

Ta buɗe. Ya matso da fuskarsa.

"Gurnanin wuta a miƙe yake, Auta, kamar igiya. Dubi wannan. Nan ya yi magana, nan ya tsaya ya ja numfashi. Nan kuma, inda ya yi tsalle-tsalle... ina jin dariya ce."

Ta dafe bakin tebur.

"Kana nufin yana ciki?"

"Yana ciki."

"To me ya sa ba na jin sa?"

"Kwamfutar nan ba ta da bakin kanta. Duk abin da za ta faɗa, ta wayar nan take mayar da shi cikin mikisa. In ya iso kuma sai an buɗe masa hanya zuwa lasifika." Ya nuna wani ɗan ƙaramin maɓalli mai ruwan toka a gefen dama. "Ga hanyar. A ɗage yake."

"Wa ya ɗage shi?"

"Ni."

Ta juyo gaba ɗaya ta dube shi.

"Haka nake aiki," ya ce. "In za a ɗauki murya, ɗage shi nake yi. In aka bar shi a danne, abin da ya shiga kwamfuta sai ya dawo mikisa, ya sake komawa, ya yi ta zagaye har lasifika ta kama kuwwa. In an gama ɗauka sai a danna a saurara. Shi ne abin da ya rage in nuna miki ranar."

"Ka manta?"

"Ban manta ba. Ina kan hanya na tuna."

"Amma ba ka kira ni ba."

"Na ce in kin kunna kin ji shiru, dole ki neme ni." Ya sunkuyar da kai. "Ban san muryar Baba za ki sa a ciki ba."

"Ka san irin kukan da na yi a ɗakin nan?"

"Ban sani ba. Ina iya kintata."

"Tarko ka ɗana min da maɓalli."

"Haka ne."

Bai kawo wani uzuri ba, kuma wannan ya fi ba ta haushi, don ta shirya faɗa ta rasa inda za ta kama. Ta zauna a kujera.

"Ni ma ya kamata in buɗe baki ranar," ta ce a hankali. "Ina tsaye aka ci maka mutunci."

"Wanki ne."

"Kai kuma fa? Mene ne kai a wurina?"

Ya ɗago ya dube ta. "Abin da nake jira ki faɗa min ke nan tun ranar, abar ƙaunata."

Kafin ta amsa, inuwa ta tare ƙofa.

"Ban ce kada in sake ganin ƙafarka a gidan nan ba?"

Gwaji ya buɗe baki, Auta ta riga shi.

"Ni na kira shi, Yaya. Ɗakina ne, kayana ne, kuma uban namu ɗaya ne. Muryar Baba tana nan. Abokinka ya sayar da mikisa irin wannan ba adadi. Ɗazu ina kallon sa, idonsa ya tsaya a kan maɓallin nan, sannan ya ce a wanke."

"Ke, ni kike faɗa wa..."

Aka buga ƙofa da sanda. Baba ne, Umma na riƙe da hannunsa. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya nuna wa Yaya gefe da sandar, Yaya ya matsa. Gwaji ya yi sauri ya ja masa kujera.

Sannan ya rage ƙarar da Auta ta murɗe har ƙarshe, ya kashe makirufo, ya sa hedifon a kunnensa ya danna maɓallin. Ya saurara kaɗan, ya ƙara ragewa. Ya cire hedifon ya ja da baya.

"Ke za ki kunna."

Ta kunna.

"Gwaji, gwaji, ɗaya, biyu... Haka yaron nan yake cewa, ko?"

Umma ta toshe baki da mayafi. Muryar ce, a dushe amma ita ce, ta cika ɗakin har kusurwa.

"To. An ce gobe za su cire min abin faɗa. Uwar yara, kin huta. Bari in yi na ƙarshe... Saura mutum ɗaya! Saura mutum ɗaya mota ta tashi!"

Sai dariya, sai tari. A kujera kuma Baba na yanzu kafaɗunsa na rawa, ba sauti.

"Babban gida, da kai nake. Ka kula da uwarka. Ka rage zafin kai, a wurina ka gado shi kuma bai saya min komai ba.

"Maganar Auta. Kun yi ta tambayata ina shiru, ina kallo ne. Na ga direbobi iri-iri a tasha. Akwai mai zuwa ya yi ta taka mota tana ruri don a san ya iso. Akwai wanda zai taka birki tukuna, ya ji da ƙafarsa, kafin ya bari a ɗora masa ɗan mutum. Ranar da abokinka ya kawo akwatin nan, ya ɗora min abin kunne ya murɗe don in ji ƙarfin kayansa. Na wuni kunnena na kiɗa. Da yaron nan ya zo haɗawa, na ce a sa min in ji. Sai ya fara sa wa kansa, ya rage, ya sake ragewa, sannan ya ɗora min. Bai san ina lura ba.

"Ban ce dole ba. Ba ni zan zauna da shi ba, ita za ta zauna. Amma in shi take so, kada wanda ya tsaya mata a hanya da sunana. Ni ban aiki kowa ba.

"Auta... ke ce kika ɗauko muryata a gidan nan. Ki ci abinci da ita. Shi ke nan. Yaya ake kashe abin nan? Auta! Zo ki kashe."

Aka ji buɗe ƙofa a cikin lasifika, aka ji takunta, sannan layin ya kai ƙarshe.

 Yaya na kallon ƙasa. Can ya dubi hedifon da ke hannun Gwaji, ya dubi mahaifinsa, ya ciro waya daga aljihu ya fita tsakar gida. Suna jin sa yana cewa, "Kada ka aiko kowa. A'a. Na ce kada ka aiko."

Da ya dawo bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya.

"Kai. In za ka zo gidan mutane neman aure, ka karkaɗe gwiwar wandonka."

"To, Yaya."

Baba ya ƙwanƙwasa tebur da yatsa, ya juya yatsan a iska. A sake.

Auta ta mayar da layin farko. Kafin ta danna ta ce, ba tare da ta dubi Gwaji ba, "Abin da ka ce kana jira in faɗa maka ɗazu... ka ji amsar, ko sai na ɗauka maka a kwamfuta?"

"Ki faɗa da baki. Na daina yarda da maɓalli."

Umma ta yi kamar ba ta ji ba.

Bayan an yi auren, Auta ba ta kwashe kayan daga ɗakin ba. Nan take zuwa aiki kullum, Gwaji ya sauke ta ya wuce. Ya manna ɗan jan salatif kusa da maɓallin, ya kuma kwafe muryar a wurare daban-daban don kada tsautsayi ya sake gittawa.

Sau da yawa in ta iso da safe sai ta tarar Baba ya riga ta shiga. A duk maɓallan da ke kan mikisar, guda ɗaya ya koya. Yakan zauna ya jingine sandarsa, ya danna shi da babban yatsa, ya jira ta kunna masa.

In aka zo wurin kiran fasinja, leɓɓansa na tafiya tare da muryar.