Ɗinkin Buhu a Littafin Maƙabarta

Ran Juma'a da safe Mista Pask, mai kula da ma'ajiyar tarihi ta ƙaramar hukumar Burrendool, ya buɗe littafin tsohuwar maƙabarta ya tarar babu taswirar kaburbura da ke ɗinke a tsakiyarsa. Jiya-jiya ya kai littafin gidan tsofaffi. Duk Alhamis yakan kai musu akwatin hotuna da takardu, su tuna tsohon garin da ruwan dam ya cinye shekara sittin baya.

"Shugaban majalisa ya ce in taswirar ba ta dawo ran Litinin ba, akwatin ya daina fita," ya gaya wa 'yar sanda Saja Noreen Tuckey. "Rabin tsofaffin nan, ni kaɗai ne baƙonsu."

Noreen ma tun rasuwar mijinta ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Ta duba littafin. Ba a yaga ba, ba a sa reza ba. An warware zaren, an zare taswirar, an mayar da ɗinkin da manyan tsallake, kowane gefe da ƙulli.

Ta fara da Dougie, direban motar ma'ajiya.

"Ni da ɗinki, Saja? Dubi rigata. Wata uku maɓallin nan na aljihuna."

Ta duba, haka ne. Ta wuce gidan tsofaffi wurin Misis Lumb, tsohuwar tela, wadda ta fi kowa daɗewa riƙe da littafin.

"Zagina kika zo yi, yarinya? Ko da ido ɗaya ba na wannan aika-aika. Wannan ai ɗinkin buhun alkama ne."

Noreen ta koma ma'ajiya ta bi jerin hirarrakin da Pask ya naɗa da tsofaffin. Mutum ɗaya ne ya ce ya yi ɗinkin buhu a gonaki: Clarrie Voss, mai shekara tamanin da bakwai. Ran Asabar ta je ɗakinsa, babu kowa. Ɗansa na Melbourne, kati yake aikowa sau ɗaya a shekara, wai shi ya sauke nauyi.

Fari ya janye ruwan dam, tsohon garin ya fito fili. Can ta hango Clarrie a kan busasshiyar laka, shi kaɗai, da takarda a hannu.

"Baba, ba ni."

Ya miƙa. "Wa ya tona ni?"

"Hannunka. Ɓarawon kuɗi yagewa zai yi. Kai ka ji tausayin littafin ka ɗinke shi lokacin da aka tafi shan shayi, kuma ɗinki ɗaya ka iya. Me ya hana ka roƙi kwafi?"

"Na roƙa sau uku. Aka ce to Baba, aka gyara mini bargo."

"Duk da haka sata ce. Saura kaɗan ka raba mutum talatin da baƙonsu. Sunanka zai shiga rahotona."

"Rubuta, 'yata." Ya nuna wata lamba a taswirar. "Da za a cika dam, kaburbura masu dutse kawai aka kwashe. 'Yarmu kwana biyu ta yi a duniya, ba ta da dutse. Taku arba'in ne daga ginshiƙin ƙofar maƙabarta. Na ƙirga sau biyar, ban yarda da ƙafata ba. Takuna ya gajarce."

Noreen ta naɗe taswirar ta sa a jaka. Sannan ta koma ginshiƙin, ta buɗe ƙafa kamar saurayi, tana ƙirgawa a fili. Da ta kai arba'in ta tsaya. Babu komai sai tsagaggiyar laka.

"Nan ne, Baba."

Ya ƙaraso a hankali, ya cire hula.

"Pask zai zo ran Alhamis?"

"Zai zo."

"To ya zo da fensir. Lamba kawai suka sa mata. Sunanta Elsie."