Wa Kinka Tambaya a Tsafe?

"Kai! Wallahi mutanen ga ba su da tsoron Allah!"

Hasana ce ta zabura daga kan tabarma da waya a hannu, saura kaɗan ta kifar da tiren waken da Inna ke tsincewa. Bayan la'asar ne, a tsakar gidan mahaifinta Malam Lawwali da ke Bungudu. Kullum war haka sai ta tsallako daga gidan mijinta ta karanta wa mahaifiyar tata sabon fejin littafin da ake sakewa a guruf ɗinsu na Wasap, labarin wata Suwaiba da miji ya sake ta da goyo, ta koma gida tana tuyar awara tana lallaɓa rayuwarta. Inna ba ta yi boko ba, amma duk guruf ɗin babu wadda ta kai ta riƙe labari.

"Ke zauna ki ida mini. Mi anka yi mata kuma?"

"Inna, manemi ta samu na kirki, danginai sunka tashi bincike, wai sai sunka tai gidan tsohon mijin suna tambaya! Wanda yas sake ta hwa!"

Guruf kuwa tuni ya kama da wuta. Wata ta ce laifin Suwaiba ne tun farko, da ta yi haƙuri da ba ta fito ba. Aka yi mata caa. Wata na roƙon marubuciya ta daina sa Suwaiba kuka, ita hawan jini gare ta. Wata baiwar Allah kuma, ana cikin wannan rikici, tambaya take yadda ake awara ta yi laushi.

Hasana ba ta rubutu idan ranta ya ɓaci. Saƙon murya take yi, kuma an san ta da shi. Ta danna, ta gyara murya:

"'Yan uwa, ku bari in yi magana! Wane irin rashin imani na wanga? Ka tambayi wanda yar rabu da mace halinta, mi kaka son shi ce? Shi yabe ta? Ba maƙwabta? Ba iyayenta? Duk wadda ta kai irin wagga magana gida, sai Allah ya tambaye ta!"

Ta tura, tana huci, tana jin daɗin kanta.

Sai a lokacin ta ga ƙanenta Mubarak tsaye bakin zaure, riƙe da makullin babur. Ya dawo ke nan daga Sabon Garin Gusau, inda yake gyaran kekunan ɗinki. Ya rame, wuyan rigarsa har ya yi masa yawa.

"Yaya Hasana," ya ce a hankali, "ke wa kinka tambaya a Tsafe?"

Bai jira amsa ba, ya shige ɗakinsa.

Wata huɗu ke nan da Mubarak ya kawo maganar Asabe, bazawara 'yar Tsafe mai shagon ɗinki a Sabon Gari, wadda suka saba tun ranar da ta kawo masa kan kekenta gyara. A gidan Malam Lawwali ba a neman aure sai babbar 'ya mace ta je ta yi bincike, abin da ta dawo da shi kuwa shi ne magana. Hasana ta shiga mota ta tafi. Ta sauka Tsafe rana na dukan tsakiyar kai, wata da suka zauna kujera ɗaya ta ce ai ta san wanda zai ba ta labarin Asabe ciki da bai, ta raka ta gidan su Rabi'u, tsohon mijin. Uwarsa ta shimfiɗa mata darduma, ta dama mata fura mai sanyi, ta ce yarinyar ba ta da kunya, ba ta zaman gida, da bakinta ta nemi saki. Hasana ta sha fura ta ƙoshi, ta hau motar komawa. Da aka tambaye ta a gida sai ta ce, "Duk garin haka aka cewa." Baba ya ce a bar maganar, Mubarak ya ce to.

Yanzu ga ta zaune, kunnuwanta na zafi. Inna ta ci gaba da tsintar wake ba ta ko ɗago ba.

Wayar ta yi ƙara. Saƙo ne ta bayan fage, daga wata lamba cikin guruf ɗin.

"Salamu alaikum 'yar uwa. Ban san ki ba, amma muryarki ta sa ni kuka. Ni ma haka aka yi mini wata huɗu da suka wuce. Ban riƙe kowa ba, wataƙila yayar manemin nawa ba ta sani ba ne. Har yau ina sonsa, ina dai addu'a. Allah ya saka miki da alheri, ya yawaita irinku."

Hasana ta taɓa hoton lambar. Allon shago ne: Asabe Ɗinkin Zamani, Sabon Gari.

Allah ya yawaita irinku! Ta kifa kai a cinyar Inna ta fashe da kuka, ita da 'ya'yanta uku.

"Inna, gida guda nit tai. Gidan mijin. Ƙarya niy yi ma Baba."

"Ba ni za ki hwaɗa ma ba," in ji Inna. "Ga shi can zaure."

Durƙuso ta yi gaban Malam Lawwali ta faɗi komai, har furar ba ta ɓoye ba. Tsohon ya ajiye carbinsa.

"Da bakinki nih hana yaron ga abin da shika so, kuma bai taɓa ɗaga min murya ba. Gobe ki koma. Wanga karon ki bar cikinki gida."

Washegari ta koma Tsafe, ta bi unguwar gida-gida. Maƙwabciyar su Rabi'u, wata dattijuwa Halimatu Sadiya, ta riƙe haɓa.

"Asabe? Shekara biyu Rabi'u na wurin haƙar zinari, ko gaisuwa babu. Da keken ga nata tac ciyar da uwar tasa, ita ka kai ta asibiti. Wannan shi na yawon da aka cewa. Da yad dawo tac ce shi zauna su yi magana, sai yam miƙa mata takarda."

Malamar Islamiyya ta faɗi haka, mai koko ta bakin layi ma haka. Kowace shaida sai Hasana ta ji kamar ta nutse a ƙasa.

Daga tasha ta zarce Sabon Gari. Asabe na kan keke, doguwa, mai sanyin fuska.

"Sannu da zuwa Hajiya, ɗinki ne?"

"Ni ce mai muryar jiya," Hasana ta ce, idonta a ƙasa. "Kuma ni ce yayar Mubarak."

Keken ya tsaya. Asabe ta dube ta, ta sake dubanta, hawaye suka zubo.

"Ke ce? Ke niy yi ma addu'a?"

"Ki janye ta in kina so, ban cancanta ba."

"Ba a janye addu'a, Yaya." Ta share fuska da gefen mayafi. "Ni na yahe. Amma Babana, tun da maganar ga tal lalace bai ƙara zama majalisa ba. Shi za ki ba haƙuri."

Ranar Juma'a Hasana ta sake komawa Tsafe, karo na uku, ta durƙusa a zauren mahaifin Asabe. Ta zaci faɗa zai yi. Sai ya gyara zama ya ce:

"Ɗiyata, manema ukku sunka zo tun da Asabe tad dawo. Kowa ya yi bincikenai ya gudu. Ke ɗai ce kinka tako ƙohwar gidan ga."

An ɗaura auren bayan an kai amfanin gona gida. Haƙurin Mubarak da na Asabe bai faɗi ƙasa banza ba, domin shi bai saɓa wa mahaifinsa ba, ita kuma ba ta zagi kowa ba, Allah ya kawo musu gaskiya har inda suke.

'Yan uwana masu karatu, tausayin bazawarar cikin littafi ba shi da wuya, hawaye kawai zai ci miki da 'yar data. Ta unguwarku ita ce jarrabawar. Idan aka ba ki amanar bincike, ki tuna rayuwar mutum biyu aka ɗora a kan harshenki, kuma ita ma matar tana da uba da ke zaune a zaure yana jiran a zo a tambaye shi.