Siriri da Tsanin Mai Fenti

Akwai wani yaro a aji huɗu wanda Allah ya ba shi baiwar zane. 'Yan ajinsu suna kiransa Mai Alli, domin aljihunsa ba ya rabo da guntun alli.

Idan aka fita hutun cin abinci, shi sai ya tsaya gaban allo. Ya zana wani ɗan mutum mai kai kamar ƙwallo, da hannuwa da ƙafafu kamar tsinke. Sunansa Siriri.

Siriri bai taɓa ganin alheri ba. Yau ya faɗa rami. Gobe ya fito daga ramin, mota ta bi ta kansa, ya koma kamar takarda. Wata rana ya buɗe lema don gudun ruwa, sai tsawa ta sauka a kan lemar. Yara su yi ta dariya har da hawaye. Washegari kuma sai ga Siriri garau, yana jiran wata sabuwar musiba.

A hankali dabara ta fara ƙare wa yaron.

"Kai, Mai Alli, mun gaji da ramin nan," in ji wani ɗan ajinsu. "Ko dai kanka ya bushe ne?"

Maganar ta yi masa zafi ƙwarai.

Wata safiya, a hanyar makaranta, ya ga wani mai fenti a kan tsani. Yana shafa koren fenti a bangon shagon magani. Yana sanye da jar hula. Nan take tsanin ya zame. Mutumin ya faɗo, bokitin fentin ya kife a kansa, takalminsa ɗaya ya tashi ya sauka a kan rumfa. Jama'a suka rugo. Yaron bai tsaya ba. Ya sheƙa makaranta da murna, domin ya sami labari.

Da aka fita hutu, ya zana hoto uku. Ga Siriri a kan tsani da 'yar hularsa. Ga shi a sama, ƙafafu a warwatse. Ga shi a ƙasa, bokiti a ka, takalmi a rumfa. Har ya nemo jan alli da kore.

Ajin ya kaure da dariya. Wata yarinya mai yawan shiru da ke zama a bencin gaba, ita ma ta dara. Sai ta ƙura wa hular ido. Dariyarta ta tsaya.

"A ina ka ga wannan?" ta tambaye shi.

"A gaban shagon magani, ɗazu da safe."

"Babana ne ke aiki a can." Ta miƙe tsaye. "Ya tashi?"

Yaron ya juya ya dubi allon.

"Na ce ya tashi?"

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban tsaya ba."

Yarinyar ta fita da gudu, ko jakarta ba ta ɗauka ba.

Malama ta shigo ta tarar da ajin tsit. Aka faɗa mata abin da ya faru. Ta daɗe tana duban allon.

"Hoto uku na gani," ta ce. "Bayan ya faɗi, sai me ya biyo baya?"

Yaron ya sunkuyar da kai.

"Kawo allin. Ba za ka sake taɓa allon nan ba sai ka san amsar."

Kwanaki suka wuce, wurin yarinyar yana nan wayam. Aka ji labari cewa wasu yara suna tsokanarta a hanya, suna ce mata 'yar Siriri. Ta ce ita da makarantar nan har abada. Yaron ya kasa cin abinci. A ƙarshe ya gaya wa mahaifinsa komai.

Mahaifinsa bai yi masa tsawa ba. Ya ce, "Ɗana, Allah ya ba ka ido mai gani, amma ka bar zuciyarka a baya. Sa takalminka. Za mu je dubiya."

Suka isa gidan mai fenti suka yi sallama, aka shigar da su wani ƙaramin ɗaki. Mai fenti yana kwance a kan katifa. An yi wa ƙafarsa ɗori, an ɗora ta a kan matashi. Burushinsa yana jingine a lungu, ya bushe ya ƙandare. Yarinyar tana zaune a gefe tana yi masa fifita. Ba ta dubi yaron ba.

"Sannu da jiki," in ji mahaifin yaron. "Allah ya sa kaffara ce. Ga mai laifi na kawo."

Mai fenti ya dubi yaron. Har yanzu akwai ɗan koren fenti a bayan kunnensa.

"Kai ne mai zanen? An ce ka yi mini ƙafafu kamar tsinke. To, shi ya sa ɗaya ta karye."

Ya yi dariya, sai ciwo ya soke shi. Ya runtse ido, ya riƙe bakin katifa. Yaron bai taɓa ganin Siriri ya yi haka ba. Hawaye suka zubo masa. Ya durƙusa.

"Baba, ka yafe mini don Allah."

"Na yafe, yaro. Faɗuwa ƙaddara ce. Amma wadda ta ji ciwo a hannunka, ga ta nan."

Yaron ya juya wajen yarinyar. "Ki yi haƙuri. Ki dawo makaranta."

"In dawo su yi mini dariya?" ta ce. "Ka nuna musu yadda ya faɗi. Ba ka nuna musu yadda yake kwance ba."

Washegari yaron ya roƙi Malama ta ba shi alli. Ya zana mutum a kwance, ƙafa a ɗaure, da yarinya tana yi masa fifita. Sannan ya juyo ya ba 'yan ajin labarin abin da ya gani. Babu wanda ya yi dariya. Masu tsokanar suka sunkuyar da kai.

Da aka tashi, Malama ta jagoranci ajin zuwa dubiya. Suka kai wa yarinyar jakarta, suka yi wa mahaifinta addu'a. A makon da ya biyo baya ta koma bencinta. Bayan wani lokaci Allah ya ba mai fenti lafiya, ya koma aikinsa.

Ya ku yara, mutumin alli ba ya jin ciwo, amma ɗan Adam yana ji, kuma yana da masu kuka dominsa. Idan kun ga wani ya faɗi, kada ku mayar da shi abin dariya. Ku tsaya, ku taimaka, ku roƙa masa sauƙi wajen Allah.