Wanda Ya Ƙi Bin Baya

Da hantsi aka kira Sufeto Arlene Kivela. Wata tirelar kwana, irin mai gado da kicin da ake ja da mota, ta tsinke a hawan da ke hanyar dajin farauta, ta gangaro da baya ta danne ƙaramar motar da ke biye da ita. Matar da ke tuƙi ta mutu nan take.

Da ta isa ba ta tambayi suna ba. A ƙaramin gari na arewacin Minnesota kowa ya san motar kowa, wannan kuwa ta Marlys Maki ce, matar da ta koya mata karatu a firamare.

Mijinta Wendell, wanda ke jan tirelar, yana zaune a bayan a-kori-kurarsa.

"Ni na kashe ta, Arlene," ya ce. "Rubuta haka kawai, kada ki wahalar da kanki."

Jami'in hanya ma abin da ya rubuta ke nan: lodi ya yi yawa, direba ya yi sakaci. Idan maganar ta kai ga mai gabatar da ƙara a haka, tsohon zai binne matarsa ya wuce kurkuku.

Sufeto ta durƙusa a bayan a-kori-kurar. Kan tirelar yana nan a kulle a mazauninsa, sarƙoƙi biyu a giciye kamar yadda ake yi. Wendell bai yi kuskuren ɗauri ba. Wuyan tirelar ne, wato ƙarfen da ke haɗa ta da mota, ya karye a tsakiya.

Ta shafa wurin karayar. Gefe ɗaya fari tas, sabuwar karaya. Ɗaya gefen kuwa tsatsa ta ci shi har ciki. Ta sa mukulli ta karce baƙin fentin da ke sama, sai wani farin gari ya zubo, irin cikon da masu gyaran jikin mota ke cike wurin da ya lotsa da shi. Wani ya ga tsagar, bai yi mata walda ba, ya shafe ta ya yi fenti.

"Baba Wendell, a ina ka sayi tirelar nan?"

"Wurin wani mutum. Na manta sunansa."

"Kai da ka san sunan kowane kare a garin nan?"

Ya kau da kai. "Gordy ne ya sayar mini da bazara. Amma ki cire shi a maganar nan, ba ruwansa."

Sufeto ta san ko wane Gordy ne. Gordy Lahti aminin Wendell ne tun suna samari, kuma abokin marigayi babanta. Shi ya fara ɗora mata bindigar farauta a kafaɗa.

Ta same shi a garejinsa, ya sha kuka ido ya yi ja.

"Kawu Gordy, ka taɓa gyara wuyan tirelar nan?"

"Ni? Ko guduma ban ɗora mata ba. Aikin kamfani ne, ɗiyata. Kin san kayansu, kwali ne da fenti."

A maganar kamfani dai bai yi ƙarya ba. Duk mai tirela ya san halinsu: rufi ya yi yoyo, taya ta fashe, ƙofa ta ƙi rufuwa, ka kai ƙorafi dillali ya tura ka kamfani, kamfani ya dawo da kai wurin dillali, har lokacin hutu ya wuce tirelarka na shan rana a harabarsu. Zagin kamfani shi ne gaisuwar masu tirela. Sai dai kamfani ba ya zuwa gidan mutum ya shafa ciko.

Dillalin da ke garin gaba ya tuna da shi sarai.

"Gordy? Ya kawo ta bara, tsaga a wuya. Kamfani suka ce shi ya cika mata lodi, ba za su gyara ba. Na ce masa kada ya sake hawa titi da ita. Ya zage ni tas ya ja abarsa."

To, Gordy ya san da tsagar. Amma Sufeto ta san abin da lauya zai ce: ya toshe, ya ɗauka ta gyaru. Ita kanta haka take so ta yarda.

Tana hanyar komawa ta wuce ayarin mafarauta, tirela a gaba, a-kori-kura a bayanta. Haka ake yi a nan tun tana yarinya. Wanda ba ya jan komai shi ke bin baya, yana lura da fitilu da tayoyin ɗan'uwansa. A ayarin Wendell kuwa, shekara da shekaru, wurin Gordy ne wannan. Har tsokanarsa ake yi da makiyayi.

Ta taka birki a gefen hanya, tana tambayar kanta me ya sa yau Marlys ce ke bin baya, ba Gordy ba.

Washegari gidan Wendell ya cika da masu ta'aziyya, kowace mata da tiren abincinta. Gordy na zaune a kicin kusa da amininsa, yana shan kofi a wani kofi mai zanen tsuntsu. Sufeto ta roƙi sauran su ba su wuri.

"Baba Wendell, wa ya duba maka ɗauri kafin ku tashi?"

"Gordy mana, kamar kullum. Ya zagaya, ya buga mata hannu ya ce sai tafiya."

"Wa ya bi bayanka?"

"Marlys."

"Me ya sa ba Kawu Gordy ba?"

"Ya ce zai riga mu ya hura wuta a sansani."

"Ya taɓa yin haka?"

Wendell ya juya a hankali ya dubi abokinsa.

"Gwiwata ce ke ciwo," in ji Gordy. "Tafiya a hankali na wahalar da ni."

"Jiya wuta ce, yau gwiwa," Sufeto ta ce. "Na je wurin dillali, Kawu. Na ga cikon. Da ka yarda gyaranka zai riƙe, da ka bi bayanta kamar kowace shekara. Ka san za ta iya tsinkewa, shi ya sa ka yi gaba."

Gordy ya sunkuyar da kai.

"Sun bar ni da ita, Wendell. Kamfani ya ƙi, dillali ya ƙi, ba mai saye. Kai kuma kullum kana yaba ta. Na ce ai ba ka yin nisa, za ta kai ka. Da muka zo tashi na leƙa ƙasa, na ga fentin ya tsage. Tsoro ya kama ni."

"Tsoron ya ishe ka ka gudu," Wendell ya ce, "bai ishe ka ka buɗe baki ba?"

"Na ɗauka ba wanda zai bi baya."

"Kana tsaye Marlys ta ce, 'To bari ni in zama makiyayin yau.' Har dariya ka yi mata."

Gordy ya rufe ido. "Na ji ta."

"Jiya a bakin hanya na yi wa yarinyar nan ƙarya don in kare ka. Na yarda in tafi kurkuku, kada sunanka ya shiga."

Sufeto ta ciro ankwa. Ta sha kama mutane, amma ba ta taɓa jin ƙyamar wani haɗe da kewarsa kamar yau ba. Mutumin da ya koya mata kada ta juya wa ɗan'uwa baya a daji ne take shirin ɗaurewa.

"Tashi, Malam Lahti," ta ce. Bakinta ya ƙi furta kawu.

Ya miƙe yana layi, kofin har yanzu a hannunsa. Sun kai bakin ƙofa Wendell ya yi magana, ko ɗagowa bai yi ba.

"Ajiye kofin nan. Nata ne."